Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Darasi a Kan Mura da Abincin Hunturu

Kowace shekara, da zarar watan Nuwamba ya yi nisa, mukan ga alamu iri ɗaya a makarantarmu. Hazo ya rufe duwatsu, leɓe ya fara tsagewa, ruwan wanka ya zama abin tsoro da asuba. A wurin taron safe tari yakan hana a ji sanarwa. A cikin aji malami yana magana, atishawa tana amsa masa daga kowane lungu. Ƙungiyar mawaƙa ma ba ta tsira ba, domin lokacin da ake shirin waƙoƙin Kirsimati shi ne lokacin da muryoyi suke dushewa. Abin baƙin cikin shi ne, wannan lokaci yakan zo daidai da jarrabawar ƙarshen zango na ɗaya. Mun sha ganin ɗalibi mai ƙoƙari ya faɗi ƙasa a sakamako saboda ya yi mako guda a kwance.

A cikin wannan darasi za mu duba abubuwa uku. Na ɗaya, mene ne mura, kuma me yake kawo ta. Na biyu, waɗanne irin abinci da abin sha na gida ne suke taimakon mai mura, da yadda ake yin su. Na uku, yaushe ne ya kamata mu ajiye ludayi mu nufi asibiti.

Mene ne mura?

Iskar hunturu tana busowa ne daga arewa maso gabas, daga hamadar Sahara, tun daga wajen Nuwamba har zuwa Fabrairu ko Maris. Yawancin ƙurar da take ɗaukowa daga wani kwari ne da ake kira Bodele a ƙasar Chadi. Iskar busasshiya ce ƙwarai, kuma a wurare masu tudu kamar Jos sanyin dare yakan sauka kusa da digiri 10 a watan Disamba da Janairu.

Iyayenmu sukan ce, “Sa rigar sanyi, kada mura ta kama ka.” Shin sanyi ne yake kawo mura? A darasin kimiyya mun koyi cewa ƙwayar cuta ce mai suna bairas take kawo ta, kuma akwai irinta fiye da 200. Wannan ne ya sa mutum yakan yi mura a bana, ya sake yi baɗi, domin ba iri ɗaya ce take kama shi kullum ba. Amma iyayenmu ba su yi kuskure gaba ɗaya ba. Busasshiyar iska da ƙura suna busar da cikin hanci, su raunana majinar da take tare ƙwayoyin cuta. Bairas ɗin mura kuma ya fi yaɗuwa a cikin hanci mai sanyi. Bugu da ƙari, lokacin sanyi mukan rufe tagogi mu cunkushe wuri ɗaya. Idan mutum ɗaya ya yi atishawa a ɗakin kwana mai gadaje talatin, ya raba wa kowa.

Ya kamata mu bambanta mura ta yau da kullum da mura mai tsanani wadda likitoci suke kira infuluwenza. Ta farko takan zo a hankali: maƙogwaro ya yi ƙaiƙayi, hanci ya toshe, majina ta zuba, amma mutum yana iya yawo. Takan wuce cikin kwana 7 zuwa 10, ko da yake tari yakan ɗan jima. Ta biyu kuwa takan zo farat ɗaya da zazzaɓi mai zafi, ciwon kai, ciwon gaɓoɓi da kasala, ta kwantar da mutum. Ba abin wasa ba ce. A shekarar 1918 ta kashe miliyoyin mutane a duniya, har da ƙasarmu. Cutar korona da ta shigo Nijeriya a watan Fabrairu na 2020 ita ma takan fara da kamannin mura.

Ga babban abin da muke so kowane ɗalibi ya riƙe: maganin antibayotik, irin kafso ɗin nan da ake saya a kanti ko a hannun masu talla, bakteriya yake kashewa, ba ya kashe bairas. Wanda ya sha shi don mura ya ɓata kuɗinsa, ya kuma koya wa ƙwayoyin cutar da ke jikinsa yadda za su bijire wa maganin ranar da zai buƙace shi da gaske. Jiki ne da kansa yake yaƙar mura. Aikinmu shi ne mu taimake shi da hutu, da ruwa, da ɗumi, da abinci mai kyau. A nan ne madafin iyayenmu mata yake da abin koya mana.

Me ya sa abu mai ɗumi yake taimako?

Mai mura yana asarar ruwa ta hanyar gumi, majina da numfashi ta baki. Idan ruwan jiki ya ragu, majina takan yi kauri, kai ya yi nauyi. Abin sha mai ɗumi yana mayar da ruwan, tururinsa yana sassauta majina, zaƙinsa da tsaminsa kuma suna sa yawu ya zubo ya jiƙa maƙogwaro. A shekarar 2008 masu bincike a Jami’ar Kadif da ke Birtaniya sun gwada wannan a kan masu mura. Sun ba su abin sha iri ɗaya, wasu da zafi, wasu ba zafi. Waɗanda suka sha mai zafi sun fi samun sauƙin ciwon maƙogwaro, jin sanyi da kasala. Ba a ce ya kashe cutar ba, sauƙi ya kawo. Amma wanda ya taɓa kwana da toshewar hanci ya san sauƙi ba ƙaramin abu ba ne.

1. Shayin citta da lemun tsami da zuma

Wannan shi ne na farko a kowane gida. Allah ya albarkaci ƙasarmu da citta, musamman kudancin Jihar Kaduna, wajen Kachiya, Jaba da Kagarko, inda ake noma ta har a kai ƙasashen waje. A samo ɗanyar citta kamar tsawon babban yatsa, a wanke, a daddaka. A zuba a tukunya da ruwa kofi biyu, a jefa kanumfari uku ko huɗu, a bar shi ya tafasa kamar minti goma. A tace a kofi. Kada a yi hanzarin matsa lemun tsami. A jira ya ɗan huce yadda baki zai iya ɗauka, sa’an nan a matsa rabin lemu a sa zuma cokali ɗaya, domin zafi mai yawa yana lalata bitamin C. Idan citta ta bushe ce, rabin ƙaramin cokali na garinta ya isa.

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, kuma likitocin zamani sun yarda zuma tana rage tari, musamman cokali ɗaya kafin barci. Amma ga gargaɗi mai muhimmanci: kada a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba zuma, ko da ɗigo ne. Takan ɗauki wata ƙwayar cuta da hanjin jariri bai iya yaƙa ba, wadda takan shanye masa jiki. Maganin jariri mai mura shi ne nonon uwa, a ba shi sau da yawa.

2. Kunun tsamiya

Mai mura ba ya jin ƙanshin abinci, shi ya sa yakan ture kwanon tuwo. Amma kunu yakan shiga. A surfa gero, a wanke, a jiƙa, a niƙa shi tare da citta, kanumfari da ɗan barkono, a tace a bar shi ya kwanta ya zama gasara. A jiƙa tsamiya cikin ruwan ɗumi, a murje, a tace. A tafasa ruwan tsamiyar sosai, sa’an nan a sheƙa shi a kan damammiyar gasara ana juyawa da sauri don kada ya yi gudaji. A sa sukari kaɗan. Gero yana ba da ƙarfi, tsamiya tana buɗe baki, kayan yaji kuma suna ɗumama ƙirji. Koko ma haka yake aiki, ga wanda ya fi son tsamin ƙullun da ya kwana.

3. Kunun gyaɗa

Mutanen Adamawa da Taraba sun san darajar wannan kunu. Idan mara lafiya ya yi kwana biyu bai ci abin kirki ba, shi ya fi dacewa, domin gyaɗa tana da sinadarin gina jiki da mai. A dama markaɗaɗɗiyar gyaɗa da ruwa, a tace, a ɗora a wuta. Idan ya tafasa a zuba ɗanyar shinkafa da aka wanke, kamar cikin hannu ɗaya, a bar ta ta dahu. Sa’an nan a zuba gasara kaɗan don ya yi kauri, a ƙarasa da ruwan tsamiya ko lemun tsami. Kofi ɗaya na wannan kunu ya fi kwalabe uku na lemun kwalba amfani ga mai jinya.

4. Farfesu

Ba mu kaɗai ba ne muke ba mai mura romon kaza. Mutanen Sin, da Yahudawa, da Turawa duk suna da irin nasu. A shekarar 2000 wani likita a Jami’ar Nebraska da ke Amurka, Dakta Stephen Rennard, ya gwada romon kaza a ɗakin bincike, ya ga yana rage motsin wasu fararen ƙwayoyin jini da suke haddasa kumburi. Gwajin a cikin kwalba aka yi shi, ba a jikin mutum ba, saboda haka ba za mu ce ya tabbatar romo yana warkar da mura ba. Abin da muka tabbatar shi ne romo yana da ruwa, da gishiri, da nama mai taushi, da tururi, kuma mara lafiya yana buƙatar dukansu.

A yanka kaza ƙanana, ko a samo kifi ko ƙashin naman akuya. A daka citta, tafarnuwa, masoro, kimba da attarugu, a yanka albasa. A zuba duka a tukunya da gishiri da ɗan daddawa, a bar naman ya fitar da ruwansa, sa’an nan a ƙara ruwa isasshe. Idan ya dahu a watsa ganyen daddoya a sauke. Kada a cika mai, kada kuma a cika barkono. Yaji yana sa hanci ya zuba na ɗan lokaci, mutum ya ji ya buɗe, amma idan ya yi yawa yakan ƙona maƙogwaron da ya riga ya yi rauni, kuma yana tayar wa mai gyambon ciki da ciwonsa.

Mun sani ba kowane gida ne zai iya yanka kaza don mura ba. Busasshen kifi ɗaya da albasa da citta, ko ƙashi na kuɗi kaɗan daga wurin mahauci, za su yi romo mai kyau.

5. Gwate da fate

Ɗalibanmu daga Filato da kudancin Bauchi sun san gwaten acca, na Zazzau kuma sun san faten tsaki. Duka biyu abinci ne mai ruwa-ruwa da ake shan sa da zafi, cike da ganye: yakuwa, alayyafo, rama ko zogale, da gauta, da albasa, da dakakkiyar gyaɗa. Acca tana da sauƙin narkewa a ciki, tsamin yakuwa kuma yana dawo da sha’awar abinci. Dabara ɗaya: a zuba ganye a ƙarshe, kada a dafa shi har ya yi baƙi, domin amfaninsa yakan tafi tare da launinsa.

6. ’Ya’yan itatuwa da zoɓo

Lokacin hunturu ne lemun zaƙi daga Binuwai yake cika kasuwa. Gwaba ta fi lemu bitamin C, haka ma farin garin ’ya’yan kuka da yara suke tsotsa. Ana iya jiƙa shi a ruwan ɗumi, a tace, a sa zuma ko madara a sha. Bincike ya nuna bitamin C ba ya hana yawancin mutane kamuwa da mura, amma jikin da yake samunsa kullum yakan ɗan fi saurin murmurewa. Ke nan ba ranar da mura ta kama mu za mu fara neman lemu ba. Zoɓo ma ba dole sai da ƙanƙara ba. A dafa shi da citta da kanumfari a sha da ɗumi. Sai dai yana ɗan saukar da hawan jini, don haka masu shan maganin hawan jini da mata masu ciki su yi hankali da yawansa.

7. Ruwan gishiri

Wannan ba na sha ba ne. Rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofi ɗaya na ruwan ɗumi, a kurkure maƙogwaro da shi a zubar, sau uku ko huɗu a rana. Mawaƙa da malamai, wannan naku ne.

Abubuwan da za mu guje wa

Ba duk abin da aka gada ne yake da amfani ba. Kunun kanwa yana da daɗi, amma kanwa tana da gishiri mai yawa. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya a tsakanin mata masu jego, suka danganta shi da yawan shan kunun kanwa da kwanciya a kan gado mai wuta. Mai hawan jini ko ciwon ƙoda ya bar shi. Masu ciwon sukari kuma su tuna zuma ma zaƙi ce.

Kada a kai yaro wurin wanzami a cire masa beli saboda tari ko ciwon maƙogwaro. Yakan jawo zubar jini da shigar cuta ta hanyar aska. Kada a haɗiye man shafawa mai yaji ko kafur; na shafawa ne a ƙirji, ba na ci ba. Idan za a yi sirace, babba ya yi a zaune da kwano a kan tebur. Kada a lulluɓe ƙaramin yaro da tafasasshen ruwa, domin yara da yawa sun ƙone ta haka. Kada a ba yaro ko matashi asfirin lokacin mura ko zazzaɓi, parasitamol ya fi dacewa, gwargwadon yadda ma’aikacin lafiya ya faɗa. Maganin tari mai kodin kuwa ya lalata matasa da yawa, har gwamnatin tarayya ta hana yin sa da shigo da shi a shekarar 2018.

Na ƙarshe, kada a kwana da kaskon gawayi a ɗaki rufe. Gawayi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ko launi. Mutum yakan yi barci ya wuce daga nan. A ji ɗumi a waje, a fitar da kasko kafin a kwanta.

Yaushe za mu tafi asibiti?

Shekarun baya mun yi wani ɗan aji biyu da ya fara tari kamar kowa. Abokansa suka yi masa kirki, suna kawo masa shayi da kunu, suna rufa masa asiri don kada a ce ya yi lalaci. A dare na huɗu shugaban ɗakin ya lura yaron yana numfashi da sauri, yana riƙe da haƙarƙari. Ya ƙwanƙwasa ƙofar malamin da ke kula da ɗakin, ya ce, “Malam, a gafarce ni da na tashe ka, amma wannan ba mura ba ce.” Malamin ya ce, “Ka kyauta, ɗana, je ka ɗauko bargonsa.” A asibiti aka ce nimoniya ce, kuma da an ƙara kwana ɗaya da labarin ya sha bamban. Yaron ya warke, amma mun koyi darasi: kunu yana da iyakarsa.

A garzaya asibiti idan an ga ɗaya daga cikin waɗannan:

Numfashi da ƙyar ko da sauri, ko ciwon ƙirji. Ga yara, a ƙirga numfashi na minti ɗaya yaro yana kwance shiru. Idan ya kai 60 ga jaririn da bai kai wata biyu ba, ko 50 ga ɗan wata biyu zuwa shekara ɗaya, ko 40 ga ɗan shekara ɗaya zuwa biyar, ko kuma ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa ciki, to alamar nimoniya ce.

Zazzaɓi mai zafi ko wanda ya wuce kwana biyu zuwa uku. A ƙasarmu kowane zazzaɓi yana iya zama na cizon sauro, kuma gwajin jini ne kaɗai zai nuna.

Ciwon kai mai tsanani da sanƙarewar wuya, amai, ko ruɗewa. Lokacin rani da ƙura shi ne lokacin sanƙarau. A shekarar 1996 ya kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ya kashe fiye da 11,000. Wannan ba ya jiran gari ya waye.

Tarin da ya kai mako biyu, musamman da rama, gumin dare ko jini a kaki. A je a yi gwajin tarin fuka. Ana warkewa idan an sha magani har ƙarshe.

Yaron da ya ƙi nono ko ruwa, ko yake barci ba ya farkawa sosai. Tsofaffi, mata masu ciki, masu asma da masu ciwon sikila su ma kada a yi jinkiri da su.

Aikinmu ga juna

Rigakafi ya fi magani. Mu wanke hannu da sabulu, mu yi tari a cikin hankici ko a gwiwar hannu, kada mu sha da kofi ɗaya da mai mura, mu buɗe tagogin ɗakin kwana da rana, mu yayyafa ruwa kafin shara. Wanda mura ta kama shi ya faɗa wa mai kula da ɗakin shan magani, ya huta. Ba ragwanci ba ne.

Akwai kuma abin da ba a auna shi da cokali. Duk wanda ya taɓa kwanciya ciwo nesa da gida ya san yadda zuciya take yi idan wani ya turo ƙofa da kwanon kunu a hannu ya ce, “Sannu, yaya jikin? Daure ka sha ko kaɗan.” Iyayenmu na zumuntar mata sun daɗe suna yin wannan a unguwanninmu ba tare da an roƙe su ba. Mu koya daga wurinsu. Idan kun je hutu, ku shiga madafi, maza da mata, ku ce, “Mama, nuna mini yadda ake dama kunun tsamiya.” Wata rana ku ne za ku yi wa wani.

Tambayoyi don nazari

1. Me ya sa antibayotik ba ya maganin mura?
2. Kawo bambanci uku tsakanin mura ta yau da kullum da infuluwenza.
3. Don me ake jira shayi ya ɗan huce kafin a matsa lemun tsami?
4. Wane ne bai kamata a ba shi zuma ba, kuma me ya sa?
5. Ƙanwarka ’yar shekara uku tana tari, ka ƙirga numfashinta ya kai 46 a minti ɗaya. Me za ka yi?
6. Ka tambayi wata dattijuwa a gidanku abin da ake ba mai mura a garinku. Ka rubuta yadda ake yin sa, ka kawo aji a farkon zango mai zuwa.